Rumbu Kafin Fari: Buƙatar Dokar Makamashi Ta Ƙasa

A watan Oktoba na shekarar 2024, mafi yawan jihohin Arewacin Nijeriya sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Ɓata-gari ne suka lalata babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, aka koma dogara ga wanda ya taso daga Ugwuaji ta jihar Inugu ya biyo ta Apir kusa da Makurɗi, sai shi ma ya sami matsala. Masu niƙa suka rufe injina, masu walda suka naɗe hannu, asibitoci suka koma ga janareto da tsadar man dizil. An yi ta zargin juna a kafafen watsa labarai har wuta ta dawo, daga nan kowa ya kama gabansa. Tambayar da ba a tsaya an amsa ba ita ce: wane ne doka ta ɗora wa alhakin hango irin wannan rana tun ba ta zo ba, kuma gaban wa zai tsaya ya yi bayani idan ya gaza?

Kalmar makamashi ta ƙunshi duk abin da ake samun ƙarfin aiki ko zafi ko haske daga gare shi, tun daga man fetur da iskar gas da wutar lantarki, har zuwa itace da gawayi da kara. Tsaron makamashi kuwa shi ne al'umma ta sami waɗannan abubuwa a lokacin da take bukata, a kan farashin da za ta iya, ba tare da wata tangarɗa guda ta tsayar da rayuwa cak ba. Wannan tunani ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Mai gida na gari ba ya cinye amfanin gonarsa a kaka ɗaya. Yana da rumbun da ake ɗiba kullum, yana da rumbun tsimi wanda ba a buɗewa sai an shiga matsi, kuma kowa a gidan ya san wanda ke da ikon buɗe shi. Ra'ayina shi ne Nijeriya ta yi dokoki da dama game da yadda za a haƙo makamashi da yadda za a sayar da shi, amma har yanzu ba ta da doka guda mai ƙarfi da ta haɗa su, ta wajabta tanadi da tsari na dogon lokaci.

Ba rashin tunani ne ya kawo haka ba. Tun a shekarar 1979 aka yi dokar kafa Hukumar Makamashi ta Nijeriya, wadda aka ba aikin tsara manufofin ƙasa a wannan fanni da daidaita su, ko da yake sai a 1989 ta fara aiki sosai. A 2003 gwamnatin tarayya ta amince da Manufar Makamashi ta Ƙasa. Wanda ya karanta ta zai ga masana sun yi aiki, domin ta taɓo mai da gas da kwal da ruwa da rana da iska da itace. Sai dai manufa daban, doka daban. Manufa niyya ce da gwamnati ta rubuta wa kanta. Idan minista ya yi biris da ita babu kotun da za a kai shi, idan sabuwar gwamnati ta zo tana iya ajiye ta a kabad ta rubuta tata. Aikin makamashi kuwa ba ya jure wa irin wannan sauyi. Madatsar ruwa ko bututun gas kan ɗauki shekara goma ko fiye kafin a ci moriyarsu, alhali wa'adin gwamnati shekara huɗu ne. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 har yau tana ba da wuta, ita kuwa tashar Mambila, wadda aka ce za ta ba da megawat 3,050, an shafe shekaru da dama ana maganarta gwamnati bayan gwamnati, ba a ga wutarta ba.

Dokokin da muke da su kuwa, kowace ta kama ɓangarenta ne. A 1972 aka haɗe hukumar lantarki ta wancan zamani da hukumar madatsun Kwara aka samar da NEPA. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta rusa ta, aka raba ta kamfanoni 18: shida na samar da wuta, ɗaya na dakonta, 11 na rarraba ta. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa kamfanonin samarwa da na rarrabawa ga 'yan kasuwa. A ɓangaren mai, ƙudurin da aka fara kai wa majalisa a 2008 sai a watan Agusta na 2021 ya zama doka. A 2023 kuma aka gyara kundin tsarin mulki aka ba jihohi ikon samar da wuta da dakonta da rarraba ta, sannan aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Lantarki a watan Yuni na wannan shekara. Ba na raina ko ɗaya daga cikinsu. Hasali ma dokar mai ta 2021 ta yi maganar ajiyar man ko-ta-kwana, ta kuma wajabta wa masu haƙo mai su sayar wa matatun cikin gida wani kaso, ita kuma dokar lantarki ta 2023 ta umarci minista ya fitar da tsarin lantarki na ƙasa. To, ina matsalar take?

Matsalar tana wurin mahaɗa. Mafi yawan wutar da ke kan babban layin ƙasa, kimanin kashi uku cikin huɗu, da iskar gas ake samar da ita. Wato tashar wuta tana ƙarƙashin wata doka da wata ma'aikata, gas ɗin da take ƙonawa yana ƙarƙashin wata doka da wata ma'aikata, ruwan da ke juya injinan Kainji da Jebba da Shiroro kuma ya shafi wata ma'aikata ta uku, dajin da ake sare wa itace ta huɗu. A farkon shekarar 2024 wuta ta ragu ƙwarai a faɗin ƙasa, kuma dalilin da aka bayar shi ne masu sayar da gas suna bin tashoshin wuta bashi mai yawa, suka rage ba su. Su tashoshin suna bin waɗanda ke gaba da su, waɗannan kuma suna kukan jama'a da ma'aikatun gwamnati ba su biyan kuɗin wuta. Kowa yana da uzuri, kuma kowane uzuri yana da ƙamshin gaskiya. Shi ya sa ƙasar da tashoshinta za su iya samar da megawat wajen 13,000 a takarda, abin da ke isa ga jama'a yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000, ga mutane fiye da miliyan 200. Jirgin da ya yi matuƙa huɗu, kowa da sandarsa, ba abin mamaki ba ne ya yi ta juyi a tsakiyar kogi.

Dokar da nake kira gare ta, abu na farko da za ta yi shi ne ta sanya adadi. Bayan takunkumin mai na 1973, Amurka ta yi doka a 1975 ta kafa rumbun ajiyar ɗanyen mai, ƙasashen da ke cikin Hukumar Makamashi ta Duniya kuma, wadda aka kafa a 1974, suka ɗaure kansu da ajiye man da zai ishe su kwana 90 idan aka daina shigo musu da shi. Ƙarfin wannan sharaɗi yana cikin lambar nan ta 90, domin ana iya aunawa a ce an cika ko ba a cika ba. Mu a nan mun ga abin da ya faru a watan Fabrairu na 2022, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur. Janye shi daga kasuwa kaɗai ya haifar da layin motoci na makonni. Da akwai rumbu na gaske da an buɗe shi. Kuma bai isa a faɗi yawan kwanakin ba, sai an faɗi inda za a ajiye man. Akwai manyan ma'ajiyun mai da aka gina a Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri da Yola, waɗanda a da bututu ke kai musu mai. Yau tankoki ne ke ɗauko mafi yawansa daga bakin teku, tafiyar kwanaki a kan hanya. Ajiyar da ke Legas ba ta da amfani ga mutumin Gaidam ranar da gada ta karye ko direbobi suka shiga yajin aiki.

Wani zai ce ai matatar Ɗangote da ke Lekki, mai iya tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a 2024, don haka zancen ƙarancin mai ya wuce. Haƙiƙa wannan ci gaba ne babba ga ƙasar da matatunta huɗu na gwamnati, har da ta Kaduna da aka buɗe a 1980, suka daɗe ba su yi aikin kirki ba. Amma darasin layin Shiroro shi ne hanya ɗaya, komai kyanta, hanya ɗaya ce. Inji kan lalace, ana kan rufe matata don gyara, saɓani kan taso kan ɗanyen mai ko farashi. Tanadi ba zargin kowa ba ne.

Bayan adadi sai tsari. Doka ta wajabta a rubuta tsarin makamashi na shekara 20, wanda ya haɗa dukkan ɓangarori, a riƙa sabunta shi lokaci-lokaci, a kuma kai rahoto gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa kowace shekara, a buga shi kowa ya gani. Kada a sa wani babban aikin makamashi a kasafin kuɗi sai yana cikin tsarin, kada kuma a yi watsi da wanda aka fara sai an bayyana dalili a rubuce. Ba sai an ƙirƙiri sabuwar hukuma ba, muna da su har sun yi yawa. Wadda aka kafa a 1979 ta isa, idan aka ba ta haƙora, wato ikon karɓar alƙaluma daga kowane kamfani da kowace ma'aikata, da hukunci ga wanda ya ƙi bayarwa.

A nan ne nake son mai karatu ya ɗan tsaya, domin akwai makamashin da dokokinmu suka yi kamar ba su san da shi ba, alhali shi ne na yawancin gidaje. Uwar gida a ƙauye ba ta tambayar megawat nawa aka samar yau, tambayarta ita ce nawa ake sayar da ƙullin itace da buhun gawayi. Tun da kananzir ya fi ƙarfin talaka, gas ɗin girki ma ya yi tsada, sai aka ƙara afka wa daji, a yankin da hamada ke matsowa. Hayaƙin murhu yana cutar da idanu da huhun mata da yaran da ke goye. Yarinyar da ta tafi neman itace da safe ba ta isa aji a kan lokaci, wannan kuwa duk malamin firamare na karkara ya san shi. Dokar makamashin da ta yi shiru kan murhu, dokar birni ce. Ya kamata ta ɗora wa gwamnati burin da ake iya ƙirgawa: gidaje nawa za su sami gas ko ingantaccen murhu nan da shekara kaza, hekta nawa za a dasa don itacen girki. Cibiyar binciken makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan murhu mai tattalin itace da na'urorin hasken rana. Abin da ya rage shi ne hanyar da za ta fitar da su daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa.

Akwai suka mai nauyi da ba zan kauce mata ba. Masu ita suna cewa Nijeriya ba ta rasa dokoki ba, aiki da su ta rasa. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce dokar 1979 da ta hana ƙona iskar gas a rijiyoyin mai daga watan Janairu na 1984, ga shi fiye da shekara 40 bayan haka wutar tana ci a yankin Neja Delta. Gaskiya ne. Amma a dubi yadda aka rubuta waccan doka: ta bar wa minista ƙofar ba da izini a ci gaba da ƙonawa a biya tara, tarar kuwa ta yi shekaru tana da arha fiye da kuɗin kama gas ɗin. Kamfani ya yi lissafi ya zaɓi mai sauƙi. Abin da wannan ke koya mana shi ne yadda ake rubuta doka, ba wai a daina rubutawa ba. Haka nan maganar kuɗi: ajiyar mai tana cin kuɗi, layin wuta na biyu yana cin kuɗi. Amma wanda ya ƙirga abin da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa ke kashewa a kan dizil, da masaƙun Kakuri da suka rufe, wanda tsadar wuta na cikin dalilan rufewarsu, zai ga cewa muna biyan kuɗin tun tuni, ta hanya mafi tsada.

Ikon da aka ba jihohi a 2023 ya ƙara sa lamarin ya zama na gaggawa. Jihar da ke da rana mai ƙarfi ko madatsa kamar Tiga tana iya tsara tata kasuwar wuta, kuma hakan alheri ne. Sai dai gas da kogi da babban layi ba su san iyakar jiha ba, ba su ma san iyakar ƙasa ba. Jamhuriyar Nijar ta ɗanɗana wannan a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta katse mata wuta bayan juyin mulki, alhali kimanin kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga nan take samu, ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024. Kogin Kwara da ke cika Kainji kuwa ta ƙasar Nijar yake biyowa, inda ake gina madatsar Kandaji. Irin wannan dogaro da juna ba jiha ce za ta tsara shi ba. Aikin Majalisar Dokoki ta Ƙasa ne, kuma idan ta tashi yi, zaman jin ra'ayin jama'a kada ya tsaya a Abuja cikin Turanci. A fassara ƙudurin zuwa Hausa da sauran harsunan ƙasa, a karanta shi a rediyo, a kai zaman Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda mai injin niƙa da mai sayar da gawayi da shugaban makarantar da ke da kwamfutoci babu wuta za su faɗi abin da suke so a rubuta a ciki.