Daga Zauren Muhawara Zuwa Karagar Mulki: Darasin Da Makarantun Zariya Suka Bar Mana

Duk lokacin da aka zauna tattauna halin da Arewa ta samu kanta a ciki, walau a taron ƙara wa juna sani ko a majalisar ƙofar gida, ƙarshen zancen ɗaya ne: yanzu babu shugabanni irin na da. Sai a shiga lissafa sunayen su Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, a yi ajiyar zuciya, a watse. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne, a ina waɗannan bayin Allah suka koyi jagoranci? A fahimtata, babban kaso na wannan horo sun same shi ne bayan an tashi daga aji, a ƙungiyoyin ɗalibai da zauren muhawara da filin wasa, kuma wannan ɓangare ne na makaranta muka bari ya mutu ba tare da ko ta'aziyya ba.

Zariya ta isa misali. A cikin birni akwai Kwalejin Alhudahuda, wadda tushenta ke komawa zuwa 1910, wato tsohuwar Midil ta Zariya inda marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris ya yi karatu daga 1950 zuwa 1955. A wajen ganuwa kuma akwai Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan ta sauka Zariya a 1949, ta kuma sami sunanta na yanzu a 1971. Mutum biyar da suka ja ragamar Nijeriya sun ratsa ta: Tafawa Ɓalewa da Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Da yawan ɗaliban wancan zamani kuwa 'yan karkara ne. Su Tafawa Ɓalewa da Shagari ma sunan garuruwansu suke amsawa.

To, me yaron ƙauye yake tararwa idan ya shigo irin wannan makaranta a shekarun 1940 da 1950? Yakan tarar da wata ƙaramar ƙasa mai tsarinta. An raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da sunansa, kamar gidan Bello Kagara da na Nagwamatse da na Ɗan Hausa a Barewa, kowane gida da kyaftin ɗinsa wanda zai amsa tambaya idan ɗaki ya yi datti ko yaro ya makara. Ga monita a aji, ga hedboi a sama. Ga ƙungiyar muhawara, ga ta wasan kwaikwayo, ga 'yan sikawut, ga 'yan kadet masu koyon faretin soja. Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa kuma kyaftin ɗin 'yan dambe. Murtala ɗan kadet ne, shi ne ma kyaftin ɗin harbi a shekararsa ta ƙarshe, kafin ya kammala a 1957. Malam Aminu Kano kuwa, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya fara rubuta wasannin kwaikwayo na Hausa masu caccakar zalunci da ha'inci. Wanda ya san abin da waɗannan mutane suka zama daga baya, zai yarda da masu iya magana da suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Wannan al'ada ba ta tsaya a ƙofar makaranta ba. Lokacin da Malam Sa'adu Zungur yake koyarwa a makarantar haɗa magunguna ta Zariya, ya kafa ƙungiyar tattaunawa ta 'yan boko a garin. Da ya koma Bauci, sai ga zauren tattaunawa na Bauci a 1943, inda ya haɗu da Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano suna baje matsalolin mulkin En'e a faifai. A 1948 Dokta R.A.B. Dikko ya jagoranci taron 'yan boko a Zariya, wanda ya kasance ɗaya daga cikin tushen Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta rikiɗe ta koma jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, shekara guda bayan kafa NEPU a Kano. Mai karatu zai lura cewa hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya: daga kulob na makaranta zuwa zauren tattaunawa, daga nan zuwa jam'iyya, daga jam'iyya zuwa majalisa.

A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, abin da ya fi jan hankalina shi ne irin horon da harshe yake samu a waɗannan wurare. Kalmomi irin su mitin da ciyaman da sakatare da kwamiti da ajanda duk aro ne, kuma kowace ta shigo Hausa ɗauke da wata ɗabi'a. Ciyaman yana nufin ba za ka yi magana ba sai an ba ka dama. Ajanda tana nufin ba za ka bar batu ka kama wani ba. Sakatare yana nufin abin da ka faɗa an rubuta, gobe za a karanto maka. Yaron da aka ba shi minti biyar ya kare ra'ayin da wataƙila bai ma yarda da shi ba, sannan ya zauna ya saurari abokin hamayya yana warware hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe su yi musabaha su tafi ɗakin cin abinci tare, ya koyi abin da babu littafin da zai koya masa: saɓanin ra'ayi ba gaba ba ne. Yau mun riƙe kalmomin, mun yar da ɗabi'ar. Ina ganin haka a ajin da nake koyarwa, inda ɗalibi mai kyakkyawan sakamakon jarrabawa zai kasa tsayawa minti uku ya jera hujja, da Turanci ko da Hausa, kuma da zarar an ƙalubalance shi sai ya ɗauka an ci masa mutunci.

Ba ina cewa wancan zamani ba shi da aibi ba ne. Turawa sun gina makarantun ne domin samar wa En'e da gwamnati malamai da ma'aikata, ba domin su haifar da masu ƙalubalantarsu ba. 'Yan ƙalilan ne suka samu shiga, kuma kusan duk maza ne, an bar 'ya'ya mata a baya. Tsarin manya da ƙanana ya koya wa wasu ɗaukar nauyi, ya koya wa wasu kuma cin zali da son a durƙusa musu. Amma duk da haka, makamin da aka ba su domin su yi hidima, da shi suka nemi 'yanci.

Yaya aka yi muka rasa wannan gado? Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya tumbatsa makarantu da ɗalibai ba tare da isassun malamai ba. Matsin tattalin arziki da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 ya sa malamin da a da yake zama da 'yan muhawara bayan La'asar ya fita neman abin cefane. Sannan muka mayar da ilimi cin WAEC da NECO da JAMB kawai, lokacin kulob ya koma lokacin lesin. Na baya-bayan nan kuma shi ne rashin tsaro. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disamban 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, da Maga da Papiri a Nuwamban 2025, jihohi da dama sun rufe makarantun kwana na karkara ko sun mayar da su na jeka-ka-dawo. Babu mai zargin uban da ya ƙi barin ɗansa ya kwana a makarantar da ba ta da tsaro. Sai dai ya kamata mu san abin da muka yi asara, domin a makarantar kwana ne ɗan Borno da ɗan Ilori da ɗan Filato suke kwana ɗaki ɗaya, su zaɓi shugaba a tsakaninsu.

Abin farin ciki shi ne, farfaɗo da wannan al'ada ba ya bukatar biliyoyin naira, kuma ba sai a makarantar kwana ba. Ma'aikatun ilimi su ware yammaci guda a mako a cikin jadawalin karatu domin ƙungiyoyin ɗalibai, a kuma ba malamin da ke kula da su ɗan alawus. A bar ɗalibai su zaɓi shugabanninsu da ƙuri'a, su riƙe asusun kulob, su yi bayanin kuɗi a gaban 'yan uwansu a ƙarshen zango. A riƙa yin muhawara da Hausa da Turanci, domin yaron da ya iya tsara tunani da harshen uwa bai cika shan wahalar tsara shi da wani harshe ba. A wannan karo kuma kada a bar makarantun mata a baya.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suna ƙoƙari wajen gina katanga da gyaran azuzuwa, mun kuma yaba. Amma kuɗin fentin zaure guda zai iya ɗaukar nauyin gasar muhawara ta shekara tsakanin makarantun birnin Zariya da Tudun Wada da Sabon Gari da ƙauyukan kewaye. Mu kuma malaman jami'a, musamman a garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ba mu da hujjar ƙin ba da awa biyu a wata mu yi alƙalancin irin wannan gasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan muka ci gaba da yaye yaran da ba su taɓa jagorantar mutum goma ba, kada mu yi mamaki ranar da suka kasa riƙe ƙaramar hukuma.