JIRGIN ƘASA KO SHATAR MOTA?

Duk shekara, da an kammala jarrabawar zango na uku aka fara ɗaure akwatuna, tambaya ɗaya ce ke yawo a ɗakunan kwananmu: ina za ka yi dogon hutu? Wasu a nan Tudun Wada za su ƙare shi. Wasu kuwa kakanninsu na can ƙauyukan Maraɗi da Madarumfa cikin Jamhuriyar Nijar, inda a takarda ƙasar waje ce, amma harshe ɗaya, tuwo ɗaya. A kan irin wannan tafiya muka yi gardama a ajinmu: da za a ba mu zaɓi, jirgin ƙasa za mu hau ko kuwa mota za mu ɗauka shata? Ga matsayinmu, muna kuma roƙon iyaye da malamai su duba shi da idon basira.

Mu dai jirgi muke so, kuma ba ɗan Zariya da zai ji kunyar faɗin haka. Dogo ya ratsa garin nan ya isa Kano a 1911. Daga nan Zariya aka ja ƙaramin layin da ya hau tsaunukan Jos domin kwaso kuza, wanda aka rufe a 1957. Daga nan kuma wani ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929. Albarkacin tashar nan Sabon Gari ya cika ya batse. Ku tambayi dattawa, za su ba ku labarin yadda ɗalibi kan shiga tarago da akwatinsa na ƙarfe, ya miƙe ƙafa, ya sayi rake da dafaffen ƙwai ta taga, babu mai tsayar da shi a hanya yana neman na goro.

Dalilinmu ba daɗin labari ba ne kawai. Kuɗin tikiti a rubuce yake, ba a ciniki, ba a ƙara maka don an ga hadari ya haɗo. Mota kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin shata ya zama abin da magidanci zai yi ta ƙirga da yatsu. Kada kuma a manta, mai shata yakan lissafa har da man komowarsa, ko da wayam zai dawo. Ga kuma gudu. Direban jirgi ba ya tsere da ɗan'uwansa, ba ya wuce tirela a kan kwana don ya koma ya yi sawu na biyu.

To, amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Ina jirgin yake? Dogon bai taɓa isa Katsina ba a zamanin Turawa, balle Maraɗi. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A watan Yuli na wannan shekarar ta 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin Kaduna zuwa Kano, wanda ya biyo ta wajenmu. Ranar da waɗannan biyu suka haɗu, ɗalibi zai iya hawa a Zariya ya sauka a Maraɗi. Kafin wannan rana, wanda ya ce jirgi zai kai shi gaida kakarsa, sai dai ya yi hutunsa a kan bencin tasha.

Masu goyon bayan mota a ajinmu sun kawo wata hujja mai nauyi. Sun tuna mana da jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, jama'a suka yi ta rububinsa don gudun masu garkuwa da mutane a kan titi, sai ga shi ranar 28 ga Maris, 2022, an dasa masa bam, an kashe wasu, an sace fiye da mutum 60. Sai a watan Disamba ya koma aiki. Mun yarda, tarago ba ganuwa ba ne. Amma hanyar Jibiya ma ta sha ganin irin wannan masifa, kuma mota ɗaya tilo a daji ba ta da mai jin kukanta.

Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi, ba mu da amsarta. Jirgi gari yake kai mutum, ba ƙauye ba. Ko a Ingila, inda aka haifi jirgin ƙasa, an rufe ɗimbin tashoshin karkara bayan rahoton Beeching na 1963, shi ya sa mai son hutu a ƙauyensu yakan sauka a jirgi ya yi hayar mota ya tuƙa da kansa. Mu a nan mota da direbanta ake ɗauka, kuma gara haka, domin wanda bai san hanya ba ba zai san inda kwalta ta ƙare ba. Dogon hutunmu kuwa a tsakiyar damina yake faɗowa. Wani ɗan ajinmu ya ba mu labarin yadda mai shata ya sauke su bakin wani rafi da ya kawo ruwa, ya ce nan yarjejeniyarsu ta ƙare, sai a amalanken shanu suka ƙarasa, mahaifiyarsa na riƙe da buhun tsaraba a ka. Mun yi dariya, amma shi bai yi ba.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara. Inda akwai jirgi mai aiki, a ci doguwar tafiyar a cikinsa, a bar wa mota guntun da ya rage. Inda babu, kamar hanyar Maraɗi, gida biyu ko uku su haɗa kuɗi su ɗauki mota ɗaya, wajen direban da wani babba ya sani, ba wanda ɗan kamasho ya jawo a Kwangila ba. A yi magana ƙarara tun a gida: wa zai sayi mai, wa zai biya faci, har ƙofar wane gida za a kai mu, kuma motar tana da takardun ƙetare iyaka ko a Jibiya za ta tsaya? Kada a biya kuɗin duka sai an isa. A tashi da sassafe, kada magariba ta riski kowa a hanya.

A kuma tambayi halin da iyakar take ciki kafin a ɗaura kaya. An rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris 2024, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025. Kowane ɗalibi ya riƙe takardun shaidarsa a aljihu, ba a ƙasan akwati ba, a kuma canji 'yan kuɗin sefa tun kafin a tsallaka, domin mai amalanke a can ba lalle ya karɓi naira ba.