Toshe Bakin Bututu Ba Gyara Ba Ne

'Yan uwa, buroshin goge baki, zaren cikin taya da jakar iskar mota duk da nailan ake yin su. Ba ledar cefane muke nufi ba, zaren roba ne da Wallace Carothers ya ƙirƙiro a kamfanin DuPont a 1935. Ginshiƙinsa wani farin gari ne, adifik asid.

Har yau yawancin masana'antu da nitirik asid suke haɗa garin. Kowane kilo ɗaya yana fitar da kusan giram 300 na iskar naitiros oksaid. Wannan iska ta ninka kabon dayoksaid sau 273 wajen ɗumama duniya, tana haura shekara 100 a sama, tana kuma cinye rufin ozon.

Masu kare tsohuwar hanya suna cewa an wuce wurin, tun shekarun 1990 manyan kamfanoni suka kafa na'urorin lalata iskar kafin ta fita. Mun yarda, an rage. Amma na'urar tana cin kuɗi, ba ta ƙara wa mai masana'anta riba. Ran da doka ta yi sanyi, me zai hana a kashe ta? Rigakafi ya fi magani.

Kuma akwai rigakafin. A 1998 Ryoji Noyori da abokan aikinsa a Japan suka samar da garin daga saikuloheksin da haidurojin feroksaid, tungistan yana zuga haɗuwar. Abin da ya rage ruwa ne kawai. Masana suna ci gaba da gwada dunƙulen ƙarfe da oksijin, waɗanda ake kira foliyoksometalet. Mafi shahara a cikinsu ƙwayar fosfaras ɗaya ce, kewaye da tungistan 12 da oksijin 40. Aikinsa irin na dillali ne: ya karɓi oksijin daga feroksaid, ya miƙa inda ake buƙata, ya dawo ya sake.

Za a ce feroksaid yana da tsada, kuma tsamo dunƙulen daga ruwa don a sake amfani da shi yana da wuya. Haka ne. Amma arahar tsohuwar hanya ta ƙarya ce, domin ba a sa kuɗin ɓata sararin sama a lissafin ba. Ribar tana masana'anta, zafin kuwa yana riskar manomin da bai taɓa jin sunan garin ba.

Matsayinmu shi ne a ɗora wa masu fitar da iskar cikakken kuɗin ɓarnarsu. A ranar ne za a ga wace hanya ce mai tsada.