Kimiyya A Bakin Titi: Me Ya Sa Ba A Son Murɗa Sitiyarin Babbar Mota Tana Tsaye?

A hutun da ya wuce na je garejin manyan motoci gaida wani abokina bakanike. Muna cikin hira sai wani yaronsa, sa'an ɗan aji uku, ya haye kan wata tirela da aka bari injinta yana aiki. Ya kama sitiyari ya yi ta murɗawa, dama da hagu, yana jin kansa direba. Sai maigidan ya daka masa tsawa: “Kai yaro, cika sitiyarin nan! Ka san kuɗin taya kuwa?” Yaron ya sauko yana ƙunƙuni, wai ai motar ko motsi ba ta yi ba.

To rashin motsin nan shi ne matsalar.

Tayoyin gaba na tirela guda biyu ne kacal, amma suna ɗauke da nauyin da kan kai tan 6 zuwa 7, wato kamar buhun siminti 120 zuwa 140. Duk wannan nauyi yana sauka ne a ɗan wurin da roba ta taɓa ƙasa, wanda bai fi faɗin littafin rubutunku ba. Idan mota tana tafiya, ko da tafiyar hawainiya ce, taya tana mirginawa, kowane lokaci sabon ɓangaren roba ne ke sauka a inda ake so. Idan kuwa tana tsaye, dole robar ta goge kwalta da ƙarfin tsiya. Wannan ita ce gogayyar da malamin kimiyya yake koya muku. Ku danna abin goge rubutu a kan teburi ku murza shi a wuri ɗaya, za ku ga yana zubar da gari. Haka taya take yi, shi ya sa kuke ganin baƙin tabo a inda aka juya babbar mota.

Direbobin da suka tuƙa tsofaffin gingimari ba sai an gaya musu wannan ba, hannunsu ne yake gaya musu. Sitiyarin ba shi da mataimaki, shi ya sa ake yin sa da faɗi kamar faifai, domin faɗin yana ƙara wa hannu ƙarfin juyawa. Yanzu kuwa akwai famfo da inji ke juyawa, yana tura mai da matsi mai yawa ya taimaka wa direba. Tushen dabarar shi ne binciken Blaise Pascal, Bafaranshen da ya rasu a 1662, wanda ya nuna cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina cikinsa daidai. A ganina sauƙin nan ne yake ruɗin yara irin wancan. Hannu ya daina jin wahalar, amma wahalar tana nan, ta koma kan famfo da tiyo da gaɓoɓin ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Idan aka murɗa har ƙurewa kuma aka riƙe, za ku ji famfon yana kuka, man yana ta ɗaukar zafi. Taka birki a lokacin yana ƙara dagula abin, don taya tana buƙatar ɗan mirginawa yayin da take juyawa, birki kuma ya hana ta.

Kada ku ce na ce sau ɗaya zai kashe mota. A lungu mai matsi ko wajen sauke kaya a kasuwa, wani lokaci direba ba shi da zaɓi. Mayar da shi ɗabi'a ne ke cinye taya da sassauta gaɓoɓi, kuma gaɓar sitiyari da ta saki a kan hanyar Kano zuwa Kaduna ba maganar kuɗi ba ce kaɗai.

Ga aikin wannan mako. Mai keke ya zauna a kansa a kan daɓen siminti, ya juya kan keken yana tsaye, sannan ya gwada yana ɗan gangarawa. A sake gwadawa a kan yashi. A ina ya fi sauƙi, kuma me ya sa? Ku rubuto amsa tare da ajinku, zan buga wadda ta fi gamsar da ni.