Gyaran da ke Shafe Tarihin Mota

A shekarar 2014 aka gano motoci kusan 60 da suka daɗe a yashe a gidan iyalan Baillon, a yammacin Faransa. Cikinsu har da Ferrari 250 GT California Spider ƙirar 1961, motar Italiya mai rufin da ake naɗewa, an jibga mata tsofaffin mujallu. Ɗan wasan fim Alain Delon ya taɓa mallakarta, kafin ta koma hannun iyalan a 1971. A Fabrairun 2015 kamfanin Artcurial ya yi gwanjonta kan fiye da Yuro miliyan 16, da ƙurarta da komai.

Ƙarancin irinta ya taimaka, amma abin da ya ja hankalin masu taye shi ne ba a taɓa yi mata garambawul ba. Masu kwance tsohuwar mota ƙusa-ƙusa, su kankare fenti, su sauya fatar kujeru har ta fi sabuwa ƙyalli, suna kiran aikinsu ceto. Ɓarna ce. Fentin asali da sawun gudumar maƙerin da ya ƙera jikinta su ne shaidar hannuwan da ta ratsa. In aka goge su, babu kuɗin da zai dawo da su.

Za a ce tsatsa ba ta jira. Gaskiya ne: a tsayar da ita, a gyara birki, a tayar da inji, a rubuta duk abin da aka canza. Iyakar haƙƙin mai ita ke nan. Sauran amana ce, ta waɗanda za su gaje ta.