Sabo Aka Ce Miki, Ɗan Kwatano Aka Kawo

Yau maganar injin haya za mu yi.

Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, harkar buga takardu ta samu kasuwa har a garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe. Mace ta kwashi adashe, ta kama ɗan shago kusa da sakatariya ko makaranta, ta zaunar da ƙaninta ko ɗanta. Kuɗin sayen injin fotokwafi ba su kai ba, sai ta karɓi na haya daga wani dila a Sakkwato, tana biya duk wata. An ce mata sabo ne fil, ga shi ma a kwali da leda. Sati uku bai cika ba ya fara cin takarda, yana zana baƙin layi. Mai gyara kuwa sai an biya masa kuɗin mota, ke da kike Kebbe kin fi kowa sanin wannan.

To 'yar'uwa, in ke ce wannan ta faɗa wa, kada ki fara da faɗa a waya. Injin da kansa shi ne babban shaidarki. Kusan kowane injin fotokwafi yana da ma'auni a cikinsa da ke ƙirga duk shafin da ya taɓa bugawa, kamar na tafiyar mota. Ki sa mai gyara ya buɗe miki shi a gaban mutum biyu. In injin wata ɗaya ya nuna shafi 200,000, ai magana ta ƙare. Masu wayo kan goge lissafin, amma ba su iya ɓoye robobin da ke jan takarda in sun suɗe. Ki ɗauki hoton duka, har da lambar da kamfani ya liƙa a bayansa, ki gwada ta da wadda ke kan rasit.

Daga nan ki dakatar da aiki da shi, ki sanar da mai shi a rubuce, ko da ta WhatsApp ne, da kwanan wata. A nan yawancinmu muke faɗuwa, don kunya da kawaici. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya gane aibin kaya ya ci gaba da mora ba tare da ya yi magana ba, ana iya ɗauka ya yarda. Shirun wata uku sai ya cinye miki haƙƙi. Haka kuma kada fushi ya sa ki tsayar da biya haka kawai, ya zo ya ɗauke kayansa ya riƙe kuɗin ajiyarki, ke ki koma mai laifi. Ki ware kuɗin watan a hannun wani amintacce, ki faɗa masa kin ware.

Sai sulhu. Ki tafi da maigida ko wani babba naku, a zauna gaban shugaban 'yan kasuwa ko mai unguwa. Ki san abin da kike nema tun daga gida: a sauya miki da sabo, ko a warware hayar a dawo miki da kuɗinki, ko a rage haya zuwa ta na hannu. Ni a ganina, in injin yana gyaruwa, ragin ya fi miki, muddin gyara ya koma wuyansa, tunda dama gyaran abin haya na mai shi ne sai in ke kika lalata. Duk abin da aka cimma a rubuta, shaidu su sa hannu.

In ya ƙi, akwai kotun shari'a a ƙaramar hukumarku. Akwai kuma dokar kare masu saye da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 117 ya wajabta wa duk mai ba da kayan da aka yi amfani da su, ko aka sabunta, ya manna sanarwa ƙarara a jikinsu. Ki ambata masa wannan sashe a takardarki ta farko, ki ba shi kwana 14 ya amsa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.