Filin Mata: Karen Goggo Da Yaron Da Ya Hore Shi

 Makon nan zancen kare za mu yi. Na san wata za ta ce, "Kare kuma a filin mata?" Ki yi haƙuri, ki karanta har ƙarshe tukuna.

Ina da goggo a wani ƙauye tsakanin Gumel da Gagarawa. Mijinta ya rasu ya bar ta da awaki tara. Gidanta kuwa a bakin gari ya ke, dangar kara ce, saboda haka kafin shekara ta kewayo ɓarayi sun raba ta da uku.

A maƙwabtanta akwai wani yaro ɗan shekara goma sha biyar, wanda hukuma ta taɓa kai wa gidan horon yara saboda ɗan hali. Da ya komo ba mai ko aikensa. Kadan ya shiga gida, sai a shiga kawar da kwanuka. Ran wata Alhamis ya bi masu kora dabbobi zuwa kasuwar Maigatari, ya tsinci wani kwikwiyo a bayan kara, duk kaska ta rufe shi. Ya sungumo shi, ya cire masa kaskar, ya riƙa raba tuwonsa da shi. Sannu sannu ya koya masa zuwa in an kira, da kwanciya in an ce ya kwanta, da barin kajin mutane, da tsayawa a bakin zaure.

Bayan wata shida sai ga shi ya yi sallama, ya durƙusa ya ce, "Goggo, in kin yarda, in kawo miki shi ya riƙa kwana wajen awaki." Maƙwabta suka ce, "Haba Goggo, za ki ba kura ajiyar nama? Ai kare ba ya yi wa ubangijinsa haushi!" Maganarsu kuwa da hujja. Amma Goggo ta dubi karen, ta ga ya ƙoshi, ba tabon duka ko ɗaya a jikinsa. Ta ce wanda ya iya wannan haƙuri da dabba, ita ma za ta gwada haƙuri da shi. Ta karɓa. Damina biyu ke nan ba ta rasa ko ɗan akuya ba, har ta ba yaron akuya kiwo, in ta haihu su raba.

Abin da ya faru a ƙauyen nan, a wata ƙasa da gangan a ke shirya shi. A 1993 wata malamar makaranta, Joan Dalton, ta fara wannan aiki a gidan horon yara na MacLaren, a jihar Oregon ta Amurka, da yaro ɗaya da kare ɗaya. Sai a ɗauko karnukan da aka yasar, a danƙa wa yaran. Su ne ci da su, su ne wanka, su ne horo, amma ba da duka ba. Kadan kare ya horu, sai mutanen gari su zo su ɗauka. Dabarar ita ce, yaron da ya san akwai mai jiransa da yunwa kowace safiya, tilas ya koyi cika alkawari da danne fushi.

Mu nan ba baƙon abu ba ne. Tun kaka da kakanni iyayenmu na ba yaro kaza ko tunkiya, don ya san nauyin rai. Abin da mu ke kasawa shi ne karɓar yaron da ya taɓa tuntuɓe. Ya komo da sana'a a hannu, mu ƙi ciniki da shi, sa'an nan mu yi mamaki in ya koma gidan jiya. Hannunka kuwa ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wadda za ta ajiye kare ta tuna abu uku. Malamai sun yarda da shi don kiwo da gona da farauta, watau wurinsa garke ne, ba ɗaki ba, kaskonsa kuma dabam. Na biyu, a kai shi wurin malamin dabbobi a yi masa allurar haukan kare kowace shekara. Na uku, kadan kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, gama in ciwon ya bayyana ba shi da magani.

'Yan makaranta, ku daina jifan kwikwiyo a hanya, ku kuma daina kiran ɗan'uwanku da sunan laifin da ya riga ya bari. Ke kuma uwargida daga Sule Tankarkar ko Maigatari, in kin san irin wannan labari, rubuto mana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.